Ƙuri'ar da Ake Ƙwacewa Bayan An Ƙirga Ta

A ranar 4 ga watan Agustan 2022, gwamnan jihar Fulorida ta Amurka, Ron DeSantis, ya dakatar da Andrew Warren daga muƙamin babban mai gabatar da ƙara na gundumar Hillsborough, wadda birnin Tampa ke cikinta. Jami'in tsaro ɗauke da bindiga ne ya raka shi waje daga ofishin da jama'a suka zaɓe shi ya riƙe har sau biyu, a 2016 da kuma 2020. Ba a tuhume shi da karɓar rashawa ba. Babban abin da gwamnan ya kafa hujja da shi wasu takardun bayyana matsayi ne da Warren ya sa wa hannu tare da takwarorinsa na wasu jihohi, ciki har da wadda ta ce ba za su yi amfani da ofisoshinsu wajen farautar matan da suka zubar da ciki ko likitocinsu ba. A lokacin, ko shari'a ɗaya ta zubar da ciki ba ta taɓa zuwa teburinsa ba.

Warren ya garzaya kotun tarayya. A Janairun 2023, Mai Shari'a Robert Hinkle ya yanke hukuncin da ya nuna yadda mutum kan sami gaskiya a kotu, ya kuma fito hannu rabbana. Alƙalin ya ce ƙarya ne zargin da aka yi cewa Warren ya kafa ƙa'idar ƙin gurfanar da wani rukunin laifuka ɗungurungum. Ya ce dakatarwar ta saɓa wa kundin tsarin mulkin Fulorida, ta kuma taɓa 'yancin faɗin albarkacin baki. Daga nan sai ya ce kotun tarayya ba ta da hurumin mayar da shi kan kujerarsa. Kotun Ƙolin jihar kuwa ta yi watsi da ƙorafinsa a Yunin 2023, bisa dalilin cewa ya makara wajen shigar da shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba da umarnin a sake duba batun a Janairun 2024, amma kafin a kai ƙarshe wa'adinsa ya cika, sai aka rufe shari'ar a farkon 2025 a matsayin wadda ba ta da sauran amfani. Wata 29 daga cikin wata 48 da masu zaɓe suka ba shi, wadda gwamna ya naɗa ce ta cinye su.

An fi kallon wannan dambarwa a matsayin saɓani kan yadda ya kamata a yaƙi aikata laifuka, tsakanin masu son tsauri da masu son sassauci. Asalinta batun ƙuri'a ne. Hanyoyin hana mutane zaɓen wanda suke so iri biyu ne. Ana iya tare su kafin su isa akwatin zaɓe. Ana kuma iya barinsu su kaɗa ƙuri'ar, a ƙirga, a rantsar da wanda ya ci, sannan a ɗauke shi daga kujerar ko a kwashe ikon da ke cikinta. Dokokin Amurka sun daɗe da gane hanya ta farko, sun kuma yi mata tanadi. Ta biyun ce suka bar wa ƙofa a buɗe, kuma ta wannan ƙofa gwamnoni da majalisun jihohi da dama suke shiga a 'yan shekarun nan.

Jami'in da ya fi alƙali tasiri

Ga wanda ya saba da tsarin Najeriya, zaɓen mai gabatar da ƙara baƙon abu ne. Sassa na 174 da na 211 na kundin tsarin mulkin 1999 sun damƙa ikon shigar da ƙarar laifi da karɓe ta da janye ta a hannun Antoni Janar na tarayya da na jihohi, waɗanda shugaban ƙasa da gwamnoni ke naɗawa. A Amurka abin ya sha bamban. A jihohi 45 daga cikin 50, mutanen gunduma ko yanki ne ke zaɓen babban mai gabatar da ƙararsu, kuma irin waɗannan ofisoshi sun haura 2,300. Jihar Misisifi ce ta fara wannan tsari a kundin tsarin mulkinta na 1832, sauran jihohi suka biyo baya cikin 'yan shekarun da suka gabaci yaƙin basasa. Dalilin da masu sauyin suka bayar a wancan zamani shi ne gwamnoni sun mayar da muƙamin wata ganima da suke raba wa 'yan korensu, don haka gara a miƙa shi ga jama'ar da hukuncinsa ke faɗawa a kansu.

Ikon wannan jami'i ya zarce yadda ake zato. Shi ke yanke shawarar wanda za a tuhuma da wanda za a sallama, da girman tuhumar da za a ɗora, da ko za a nemi a hana beli, da ko za a nemi hukuncin kisa. Tun a 1940 Robert Jackson, wanda yake Antoni Janar na Amurka a lokacin, ya faɗa wa lauyoyin gwamnati cewa babu wani mutum a ƙasar da ya kai mai gabatar da ƙara iko a kan rayuwar mutane da 'yancinsu da mutuncinsu. A 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta ambato alƙaluman da ke nuna cewa kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka samu da laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a kotunan jihohi, amsa laifinsu suka yi ba tare da an yi cikakkiyar shari'a ba. Mafi yawan wannan amsa laifi ciniki ne da ake ƙullawa a ofishin mai gabatar da ƙara: a rage maka tuhuma, ka amsa. Alƙali kan zo ne daga ƙarshe ya sa albarka.

Babu ofishin da ke da kuɗi ko ma'aikatan da zai gurfanar da duk wanda ya karya kowace doka, don haka zaɓen abin da za a sa a gaba shi ne ainihin aikin. A Fulorida ɗin kanta, dokar 1868 da ta haramta wa mace da namiji zama tare ba aure ta ci gaba da zama a littafi har 2016, alhali ma'aurata marasa aure sun cika jihar, ba a kuma dakatar da masu gabatar da ƙara kan kawar da kai daga gare ta ba. Abin da ya sauya daga wajajen 2015 shi ne wasu 'yan takara a manyan birane sun fara faɗa a fili, tun a wajen yaƙin neman zaɓe, cewa ba za su ɓata lokaci kan 'yar tabar wiwi ko ƙananan laifuka ba, za su kuma rage neman ɗauri mai tsawo. Jama'a suka ji, suka zaɓe su. Abin da ake yi a ɓoye shekara da shekaru babu mai ɗaga murya, ranar da aka sa shi a gaban masu zaɓe suka amince da shi, ranar ya zama sakaci da aiki.

Salon ƙwacen

Fulorida ta fi amfani da dakatarwa kai tsaye. Kundin jihar ya ba gwamna damar dakatar da zaɓaɓɓen jami'i bisa dalilai irin su sakaci da aiki ko gazawa, sannan majalisar dattawan jihar ta tabbatar ko ta mayar da shi. Bayan shekara guda da cire Warren, a ranar 9 ga Agustan 2023, DeSantis ya dakatar da Monique Worrell, baƙar fata da ke riƙe da yankin Orlando, wadda ta ci zaɓen 2020 da kimanin kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa. Kotun Ƙolin jihar, wadda a lokacin biyar daga cikin alƙalanta bakwai DeSantis ne ya naɗa su, ta tabbatar da dakatarwar a Yunin 2024 da rinjayen shida da ɗaya. A Nuwamban wannan shekara mutanen yankin suka sake zaɓen Worrell da kimanin kashi 57 cikin 100, suka kayar da mutumin da gwamna ya ɗora a kujerarta. Tun kafin nan, a 2017, Gwamna Rick Scott ya ƙwace shari'o'in kisan kai daga hannun Aramis Ayala, baƙar fata ta farko da aka zaɓa kan irin wannan muƙami a jihar, saboda ta ce ba za ta nemi hukuncin kisa ba. Kotun Ƙolin jihar ta mara masa baya.

Jojiya ta bi ta hanyar hukumar ladabtarwa. A Mayun 2023 Gwamna Brian Kemp ya rattaba hannu kan dokar kafa wata hukuma mai mambobi takwas, waɗanda gwamna da shugabannin majalisa ke naɗawa, da ikon ladabtar da zaɓaɓɓen mai gabatar da ƙara ko tsige shi. Masu gabatar da ƙara huɗu, ƙarƙashin jagorancin Sherry Boston ta gundumar DeKalb, ɗaya daga cikinsu ɗan jam'iyyar Rifablikan, suka shigar da ƙara. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin jihar ta ƙi amincewa da ƙa'idojin aikin hukumar, tana shakkar cewa tana da hurumin yin hakan. Majalisa ba ta tsaya dogon nazari ba: a Maris ɗin 2024 ta goge sharaɗin neman amincewar kotun daga cikin dokar. Ba wannan ne karo na farko ba. A 2020 Kemp ya dogara da wata dokar 2018 don ɗage zaɓen mai gabatar da ƙara na yankin Athens da shekara biyu, sai da Kotun Ƙolin jihar ta ce hakan ya saɓa wa kundin tsarin mulki kafin aka yi zaɓen, Deborah Gonzalez ta ci.

Tenesi ta zaɓi yanke wa ofishin fiffike. Bayan mutanen gundumar Shelby, inda birnin Memphis yake kuma baƙaƙen fata suka fi yawa, sun zaɓi Steve Mulroy a 2022, majalisa ta yi doka a 2023 da ta ɗauke daga hannun masu gabatar da ƙara na yankuna ikon wakiltar gwamnati idan wanda aka yanke wa hukuncin kisa ya dawo kotu da sabuwar hujja. Ta miƙa ikon ga Antoni Janar na jihar, wanda babu ɗan Tenesi ko ɗaya da ya zaɓe shi, domin a wannan jiha Kotun Ƙoli ce ke naɗa shi. Wata alƙaliya a Memphis, Paula Skahan, ta soke dokar a Yulin 2023, amma kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a 2024. Teksas kuwa ta yi doka a 2023 da ta mayar da ƙa'idar ƙin gurfanar da wani rukunin laifi a matsayin rashin ɗa'ar da ake iya tsige jami'i a kansa.

Misisifi, jihar da ta haifi tsarin zaɓen, ita ce ta fi kowa nisa wajen rushe shi. Sama da kashi 80 cikin 100 na mazauna Jackson, babban birnin jihar, baƙaƙen fata ne. A Afrilun 2023 Gwamna Tate Reeves ya sa hannu kan dokar da ta yanki wani sashe na birnin ta kafa masa kotu ta musamman, wadda Babban Jojin jihar ke naɗa alƙalinta, Antoni Janar ta jihar kuma ke naɗa masu gabatar da ƙararta. Dukansu biyun fararen fata ne, a jihar da ta shafe sama da shekara 130 ba ta zaɓi baƙar fata kan muƙamin da ya game jihar duka ba. Kotun Ƙolin jihar ta soke ɓangaren dokar da ya ba da damar naɗa ƙarin alƙalai huɗu a babbar kotun gundumar, amma ta bar kotun ta musamman. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta nemi kotun tarayya ta dakatar da ita, ba ta yi nasara ba.

Ba 'yan Rifablikan kaɗai ke wannan aiki ba. A Fensilbaniya su ne suka kaɗa ƙuri'ar tsige Larry Krasner na Filadelfiya a Nuwamban 2022, shekara guda bayan mutanen birnin sun sake zaɓensa, yunƙurin da Kotun Ƙolin jihar ta rusa a 2024. Amma gwamna ɗan Dimokurat, Josh Shapiro, shi ya sa hannu a Disamban 2023 kan dokar da ta tanadi mai gabatar da ƙara na musamman, naɗaɗɗe, don laifukan da ake yi a jiragen ƙasa da motocin sufurin birnin.

Ramin da kotuna suka haƙa da kansu

Abin da ya sa ƙararrakin nan ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya yana cikin tarihin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka. Tun a 1907, a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh, kotun ta kafa ƙa'idar cewa birane da gundumomi halittar jiha ne, tana iya ƙara musu iko ko ragewa ko rushe su yadda ta ga dama. A 1960 aka yi wa ƙa'idar iyaka. Majalisar Alabama ta sake zana iyakar garin Tuskegee daga siffa mai kusurwa huɗu zuwa mai ɓangarori 28, ta fitar da kusan duk baƙaƙen fata 400 masu rajistar zaɓe, ba ta bar fiye da huɗu ko biyar ba. Kotun ta ce ikon jiha a kan garuruwanta bai kai ga amfani da shi don hana wani jinsi zaɓe ba.

Bayan Dokar 'Yancin Kaɗa Ƙuri'a ta 1965 ta buɗe wa baƙaƙen fata rajista, majalisar Misisifi ta yi wasu gyare-gyare a 1966, ciki har da mayar da muƙamin shugaban ilimi na gundumomi 11 daga zaɓe zuwa naɗi. A 1969, a shari'ar Allen, Kotun Ƙoli ta gano dabarar. Ta ce sauya muƙami daga zaɓe zuwa naɗi sauyi ne da ya shafi ƙuri'a, don haka tilas jihar ta nemi izinin tarayya tukuna, kamar yadda sashe na 5 na dokar ya tanada ga jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen wariya.

Sai aka zo 1992. A gundumar Etowah ta Alabama, kowane kwamishina ya saba riƙe kuɗin gyaran hanyoyin yankinsa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan muƙamin. Da aka sauya tsarin zaɓe bisa umarnin kotu, aka zaɓi Lawrence Presley, baƙar fata, a 1986. Cikin 'yan watanni tsofaffin kwamishinoni huɗu suka zartar da ƙudurorin da suka bar harkar hanyoyi da kuɗinta a ƙarƙashin rinjayensu. Kotun Ƙoli, da rinjayen shida da uku, ta ce wannan sauyi ne na rabon iko tsakanin jami'ai, bai shafi kaɗa ƙuri'a ba, saboda haka dokar 1965 ba ta hau kansa ba. Mai Shari'a John Paul Stevens ya yi adawa da hukuncin, amma rinjaye ya riga ya yi magana. Darasin da 'yan siyasa suka ɗauka a fili yake: kada ka soke zaɓen, bar shi a yi, ka dai tabbatar da cewa wanda ya ci sarautar je-ka-na-yi-ka zai tarar. A 2013, a shari'ar gundumar Shelby ta Alabama, kotun ta soke ma'aunin da ke tantance jihohin da za su nemi izinin tarayya, sai sashe na 5 ya zama takobi a kube. Da a ce yana aiki, da wuya dokar Jackson ta fara aiki ba tare da ta bi ta gaban hukumomin tarayya ba.

Saura masu zaɓen kansu. Lokacin da wasu mazauna Orlando da wata ƙungiyar al'umma suka kai ƙara cewa dakatar da Worrell ta tauye musu ƙuri'arsu, kotun tarayya ta kori ƙarar a 2024 bisa dalilin cewa ba su da hurumin shigar da ita. Ke nan jami'in da aka cire ya makara ko ya shiga kotun da ba ta da iko, mutanen da suka zaɓe shi kuma ba su da bakin magana. Haƙƙin da babu wanda doka ta yarda ya nema wa kariya sunansa kawai ya rage.

Hujjar gwamnoni

Masu goyon bayan waɗannan matakai ba su rasa abin faɗa ba, kuma hujjarsu ta cancanci amsa. Sun ce majalisar jiha ce ke yin dokar laifi, ita ma zaɓaɓɓiya ce, gwamna ma haka. Idan mutum guda a gunduma guda ya sanar cewa wata doka ba za ta yi aiki a yankinsa ba, ya ba kansa ikon soke doka wanda kundin tsarin mulki bai ba shi ba. Sun ƙara da cewa rayuka ake magana: a 2021 an kashe sama da mutum 150 a Jackson, birnin da mazaunansa ba su wuce dubu 150 da 'yan kai ba, kuma shari'o'i sun yi cunkoso a kotunan gundumar. Akwai kuma zaɓaɓɓun da suka ci amanar ofis. Bayan kisan Ahmaud Arbery a Jojiya a Fabrairun 2020, yadda ofisoshin masu gabatar da ƙara na yankin suka yi jan ƙafa wajen kama waɗanda suka kashe shi ya sa 'yan Dimokurat da kansu suka fara kiran a kafa hukumar sa ido.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai kai ga inda ake son kai shi ba. Da farko, hujjar soke doka tana buƙatar a tabbatar cewa an soke dokar. A shari'ar Warren, wadda aka zauna aka saurari shaidu, alƙali ya gano cewa ofishinsa yana duba kowace shari'a bisa abin da ke cikinta, kuma binciken da ofishin gwamna ya yi kafin dakatarwar na jeka-ka-dawo ne. An fake da guzuma ne aka harbi karsana. Ba sai mutum ya yarda da ra'ayin Warren kan zubar da ciki ba kafin ya ga haɗarin cire zaɓaɓɓen jami'i saboda abin da ya faɗa alhali bai aikata komai ba.

Na biyu, maganin mai gabatar da ƙara da ya gaza yana nan, kuma yana aiki. Jackie Johnson, wadda ofishinta ya fara karɓar batun Arbery, masu zaɓe ne suka kore ta a Nuwamban 2020. Mutanen San Francisco sun yi wa Chesa Boudin kiranye a Yunin 2022. A Nuwamban 2024 George Gascón ya sha kaye a Los Angeles, aka yi wa Pamela Price kiranye a gundumar Alameda, Deborah Gonzalez ta faɗi a Athens. Warren da kansa ya sake tsayawa a wannan zaɓe, ya sha kaye a hannun Suzy Lopez da gwamna ya naɗa, ko da yake ta shiga takarar da fiye da shekara biyu a kan kujerar da ba ta ci zaɓenta ba. Mutanen birane ba yara ba ne. Su ake yi wa fashi, 'ya'yansu ake harbewa, kuma sun nuna suna iya korar wanda bai yi musu ba. Wanda kuma ya ci rashawa, kotun laifi tana jiransa kamar kowa.

Na uku, idan cunkoson shari'o'i ne damuwar, majalisar Misisifi tana da ikon ƙara yawan kujerun alƙalai zaɓaɓɓu da kuɗin ɗaukar ma'aikata. Ta zaɓi naɗi, kuma a birni guda tak. Dokar da ake cewa an yi ta don daidaita aiki da doka a faɗin jiha, amma ta tsallake sauran gundumomi 81 ta sauka kan ɗaya, ita da kanta ta tona asirin manufarta.

Wa ke gurfanar da masu zaɓe?

Akwai wata fuskar da ta ƙara ɗaure wannan batu da ƙuri'a. Laifukan zaɓe su ma laifuka ne, kuma bisa al'ada mai gabatar da ƙara na gunduma ke yanke shawarar gurfanar da su. A 2018 kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓen Fulorida sun amince da gyaran kundin da ya mayar wa mafi yawan waɗanda suka gama zaman kaso 'yancin zaɓe, ban da masu laifin kisa da na fyaɗe da makamantansa. A ranar 18 ga Agustan 2022, mako biyu bayan cire Warren, DeSantis ya sanar da tuhumar mutum 20 da kaɗa ƙuri'a ba bisa ƙa'ida ba. Da yawansu hukumomin zaɓe ne suka ba su katin zaɓe da hannunsu. Ofishin mai gabatar da ƙara na jiha, wanda naɗa shi ake yi, shi ya shigar da ƙararrakin. Da wasu alƙalai suka fara korar su saboda ofishin ba shi da hurumi kan laifin da aka yi a yanki guda, sai majalisa ta faɗaɗa masa hurumin a Fabrairun 2023.

A Teksas, babbar kotun ɗaukaka ƙarar laifuka, wadda duk alƙalanta tara 'yan Rifablikan ne, ta yanke hukunci a Disamban 2021 da rinjayen takwas da ɗaya cewa Antoni Janar ba shi da ikon gurfanar da laifukan zaɓe shi kaɗai ba tare da masu gabatar da ƙara na gundumomi ba. Antoni Janar Ken Paxton ya ɗaura ɗamarar yaƙar alƙalan, kuma uku daga cikinsu suka faɗi a zaɓen fid da gwani na Maris ɗin 2024. Wanda ke riƙe da ikon tuhumar mai zaɓe yana riƙe da ikon tsorata dubban da ke da haƙƙin zaɓe amma ba su da tabbas. Tattara wannan iko a hannun jami'an da ke kusa da gwamna abu ne da ya kamata ya tayar wa kowace jam'iyya hankali.

Kantoma da sunan doka

Hausa tana da kalmar da ta dace da wanda aka ɗora a kujerar zaɓaɓɓe: kantoma. Gwamnonin Najeriya sun shafe shekaru suna rusa zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi suna naɗa kwamitocin riƙo, duk da sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da mulkin ƙananan hukumomi ta hanyar zaɓe, har Kotun Ƙoli ta sake haramta hakan a hukuncinta na 11 ga Yulin 2024. Uzurin a can da nan iri ɗaya ne: na ƙasa ya gaza, na sama ya zo ceto. Bambancin shi ne Kotun Ƙolin Najeriya ta kira abin da sunansa, ko da aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, ta Amurka kuwa tana nan kan matsayinta na 1992.

Gyaran ba ya buƙatar a mayar da mai gabatar da ƙara wanda ya fi ƙarfin doka. Jiha tana da haƙƙin cire wanda ya ci amana, amma bayan an tabbatar da takamaiman laifi a gaban kotu ko wata hukumar da ba abokan hamayyarsa suka naɗa ba, kuma kafin a cire shi. Idan kujerar ta zama fanko, a kira zaɓen cike gurbi cikin 'yan watanni, domin gwamnan da ya san ba shi zai zaɓi magaji ba zai rage sha'awar dakatarwa. Duk dokar da za ta rage ikon ofishin ta game jihar baki ɗaya, ta kuma fara aiki daga wa'adi na gaba, yadda masu zaɓe za su san girman kujerar da suke cikewa tun kafin su kaɗa ƙuri'a. Majalisar dokokin tarayya kuma tana da ikon gyara dokar 1965 ta shigar da kwashe ikon zaɓaɓɓen jami'i cikin abubuwan da suka shafi zaɓe, tunda hukuncin Presley fassarar doka ce, ba fassarar kundin tsarin mulki ba.

Masu murna da waɗannan matakai a yau ya kamata su lura cewa makamin ba ya tantance jam'iyya. A Janairun 2023 shugabannin 'yan sandan gundumomi da dama a jihar Illinois, su ma zaɓaɓɓu, sun sanar a fili cewa ba za su aiwatar da sabuwar dokar haramta manyan bindigogi ba. Bisa ma'aunin da aka auna Warren da shi, gwamna ɗan Dimokurat mai irin ikon na Fulorida zai iya share su a rana guda ya zuba nasa, kuma mutanen karkarar da suka zaɓe su za su tarar da ƙofar kotu a rufe kamar yadda mutanen Orlando suka tarar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.